Aljihun Baya na Jallabiyar Baba

Zuwa ga ƙanwata Amna,

Assalamu alaikum. Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a gidan da za ki sauka.

Ni ce na cire aljihun jallabiyar Baba. Ba ke ba ce, ba kuma Sumayya 'yar maƙwabtanmu ba ce, da kika daina yi wa magana don kina zarginta. Ni ce, da rezar da ke cikin gwangwanin allurata, ranar wata Laraba ana saura kwana tara Babbar Salla. Wata bakwai ke nan ban faɗa wa kowa ba. Ko a cikin addu'a kewaye maganar nake yi.

Ba haka aka ce in fara ba. Ɗazu da safe Umma tana jera kofunan shayinta a bokiti za ta tafi kasuwar Suk Libya, ta ce da ni, "Iklas, ke da hannunki ya saba da biro, ki rubuta wa yarinyar nan wasiƙa a bakina, irin wadda uwa ke ba 'yarta. Ki ce ta riƙe salla, ta bi Gwaggonta, kada ta tsaya surutu a bakin titi." Na ce shi ke nan? Ta ɗora bokitin a ka ta ce, "Sauran ki cika. Ai ke kika goye ta. Ni wuni nake a kasuwa." To ga saƙon Umma na isar: ki riƙe salla, ki bi Gwaggo Asabe, ban da tsayuwa a titi. Abin da ya biyo baya nawa ne. Shekara huɗu kawai na ba ki, na sani, amma ni na yi miki wanka har kika iya da kanki, don haka yau ki bar ni in yi magana kamar uwa, ko da uwar ce mai laifin.

Da Hausa na rubuta, da baƙaƙen boko, don a Alhilla Kuku, unguwar Gwaggo, babu mai iya karanta su a gidan sai ke. 'Ya'yan Gwaggo Larabci kawai suke karantawa, Hausar ma sai in za su roƙi abu suke tunawa da ita.

Kin tuna Yaya Bilkisu, matar ɗalibin nan ɗan Zariya da suka kama haya a ɗakin gefenmu? Ita ta bar mana buhun littattafan soyayyar da na koya miki karatu da su, ita kuma ta fara ɗora min allura a hannu. Ba sana'a take koya min ba. Zaman kaɗaici ne ya ishe ta idan mijinta ya tafi jami'a, ni kuma kunya ta hana ni fita wasa, sai muka haɗu a kan ƙyalle. Abu na farko da ta koya min shi ne, "Kowace riga tana da gaba tana da baya. Wuyan gaba ya fi zurfi, aljihu kuma a gaba yake." Ta maimaita min har na haddace kamar karatun allo. A garinsu gaskiya ta faɗa. Sai dai ita ba ta san rigunan tsofaffin Umdurman ba, ni kuma da aka haifa a nan ban taɓa ɗaga ido na kalli rigar namiji a hanya ba. Ƙasa nake kallo, kaina yana can cikin wani labari.

Ranar Larabar Umma ta ce in fito da kayan Salla daga akwatin ƙarfe in shanya su sha iska. Da na ɗaga jallabiyar sai na ga bakin aljihun gaba ya zazzage, zare duk ya fito. Na juya ta, na ga wani aljihun a baya, lafiyayye, kamar ba a taɓa sa hannu a ciki ba. Na ce a raina, Allah sarki, telan ya yi kuskure, Baba kuma ya yi shekaru yana yawo da kuskuren a bayansa. Nan take na tsara komai. Zan cire na baya, in maye gurbin na gaba da shi, in ninke in mayar ban ce komai ba. Ranar Salla Baba zai buɗe, ya tsaya, ya ce wa ya yi wannan aiki? Ni kuma in sunkuyar da kai. Har hawayen da zai taru a idonsa na gani, don a littattafan haka ake yi.

Ɗinkin hannu ne, Amna, ƙanana ƙwarai, a jere kamar haƙoran mataji. Na sa allura in tsince shi ya ƙi. Na gaji da gefe ɗaya kawai, sai na ɗauko reza. Gefe biyu sun tafi lafiya. A na ƙarshe hankalina ya koma kan abin da Baba zai ce, rezar ta zame ta shiga jikin rigar. Yadin ya tsufa. Na ja kaɗan in ga girman ɓarnar, sai ya bi hannuna, ya yage kamar faɗin tafina. Na ninke ta yadda ramin zai shige ciki, na mayar akwati, na cusa aljihun a bayan randa.

Sauran kin sani, amma ba ki san yadda na gan shi daga inda nake tsaye ba. Safiyar Salla Baba yana tsakar gida riƙe da rigar, rana tana shigowa ta ramin. Sai ga ki kin fito da sabon takalminki, kin ƙulle alewarki a cikin farin ƙyallen da kika tsinta.

"Kawo nan," ya ce. Ya kwance, alewar ta zube. Ya ɗora ƙyallen a kan ramin. "Ina kika samu?"

"Na tsinta, Baba. A bayan randa."

"Tsinta."

"Wallahi tsinta na yi."

Umma ta ce, "Labulen ɗaki ma da aka yanke aka yi wa 'yar tsana mayafin tob, tsintarsa aka yi?"

Ina bakin ƙofar kicin da faranti a hannu. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe. Sai Baba ya yi magana, ba da ke yake ba, ba da kowa ba. Ya ce, "Mahaifina ya ɗinka ta da hannunsa tun muna ƙauye. Ba ta da gaba, ba ta da baya. Ta duk inda ka zura daidai ne, don in an yi kira kada mutum ya tsaya neman wuyan riga. Ba ni da hotonsa. Wannan ce." Da na ji haka sai bakina ya rufe. Da dukanki ya yi, wataƙila da na yi ihu na ce ni ce. Bai taɓa ki ba. Ya ninke ta, ya sa jallabiyar da yake zuwa aikin gini da ita, ya tafi Idi.

To ga nasihata ta farko, kuma ban ji ta a bakin kowa ba, a jikina na ji ta. Idan aka miƙo miki rigar wani kika ga abin da ba ki gane ba, kada ki ce kuskure ne. Ki tambaya. A gidan Gwaggo za a kawo kaya iri-iri, na mutanen Sinnar, na mutanen yamma, na ɗalibai 'yan Nijar, kowa da yadda yake son wuyansa da hannunsa. Ki ce, "Gwaggo, wannan haka aka so shi?" Za ta harare ki ta saman tabarau ta ce ba ki da ido ne, sannan ta faɗa miki. Hararar ba ta kai minti ɗaya. Kuma kada reza ta kusanci tsohon yadi. Da allura ake warware ɗinki, ɗaya bayan ɗaya, ko da zai ci miki wuni.

Na tashi na duba wake, bai nuna ba. Wuta ta ɗauke tun hantsi, ina ƙarƙashin rumfa, takardar tana manne min a hannu don gumi. Ina jin ki a ɗaki kina jan jakar nan mai mataccen zif. Sau uku kina fitowa shan ruwa, sau uku ina rufe takardar da gefen mayafina.

Na ji rantsuwar da kika yi wa Umma cewa ko Gwaggo za ta yanka ki ba za ki taɓa allura ba. Na kuma ji abin da Baba ya ce da ya yanke shawarar tura ki: "Ta je ta koyi haɗa abin da ta iya rabawa." Ga wani abin kunyar. Da ya faɗi haka, kafin tausayinki ya zo min, kishi ne ya fara zuwa. Keken ɗinkin Gwaggo, baƙin nan mai zanen zinariya, shekara biyu ina mafarkinsa. Aka ɗauki abin da nake so aka yi miki horo da shi, a kan laifina. Na rasa inda zan sa wannan a raina.

Amma ki taɓa allurar, don Allah. Ba don Baba ba. Hannunki ya fi nawa. Tob ɗin 'yar tsanar nan da aka yi ta yi miki gori a kansa, na ɗauka na duba bayan kowa ya watse, yankan a miƙe yake kamar an ja da zare, kina da shekara tara, da almakashin yankan farce. Ni har yau sai na ja layi da alli, kuma in kauce.

Ki yanke zare gajere. Daga yatsa zuwa gwiwar hannu ya isa. Ni ƙyuyar zura zare a allura ta sa nake jan mai tsawo, in miƙa hannu har sama kamar mai kiran raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, kafin in yi taku goma ya ƙulle a tsakiya. Sai in zauna ina kwance ƙulli, lokacin da zan zura zare sau biyar ya wuce. Yaya Bilkisu ta kan ce, "Iklas, ɗinki kike ko kamun kifi?"

Kada ki haɗa ɗinki da karatu. Kin tuna ranar da na kasa tashi daga kan gadon angarib, kika yi ta dariya har kika ƙware? Na ce miki ƙafata ce ta yi sanyi. Ƙarya ne. Littafi na buɗe a kan cinya, an kai inda saurayin ya dawo daga tafiya bai san an ba shi labarin ƙarya ba, ni kuma ina kalmasa bakin mayafi. Da na gama babin na tashi, sai zanin gado ya biyo ni, rigata ma ta biyo. Na haɗa uku na ɗinke, taku sun fi arba'in, kuma su ne mafi kyan ɗinkin da na taɓa yi. Na jira kika fita na warware. Saboda haka littattafai biyun da na sa miki a ƙasan jaka na bayan aiki ne. A kan keke kuwa ba zanin gado za ki ɗinke ba, yatsa ne.

Sabon yadi, musamman dammuriyya, wannan farin audugar mai kauri, ki jiƙa shi ki shanya kafin ki yanka. Rigar da na ɗinka miki bara, wadda bayan wanki ɗaya ta tsaya miki a gwiwa, Umma ta ce, "Yarinyar nan tsawo take kamar rama," ke kuma kika yi ta murna kina auna kanki a jikin ƙofa. Ba tsawo kika yi ba. Rigar ce ta shige. Na bar ki da murnarki, wannan kam ban yi nadama sosai ba.

Na keke ban san da yawa ba, sau ɗaya na hau, ranar da muka je sunan jikar Gwaggo. Na ga kamar yadin ba ya sauri, na ja shi ta baya, allura ta karye, ɓallin ya wuce ta gefen idona. Gwaggo ta shigo ta ce, "Wa ya ce ki taimaka masa? Shi ya san hanyarsa, ke riƙe kawai." Ta ɗaura wata allurar, ta ce in sake. Na ƙi don kunya, na koma cikin mata na zauna. Da na sake a ranar, da yanzu na iya. Idan kika karya, ki faɗa, ki koma ki zauna a kan kujerar kafin tsoro ya riga ki zama.

Ita Gwaggo bakinta ne da zafi. Ba ta son a amsa mata daga wani ɗaki, ki zo gabanta ki ce na'am. Almakashinta na yadi kada ki yanka takarda da shi, ko zare ne ki tambaya. Idan ta ce "kwayyis" ba ta ɗago kai ba, to ya yi kyau ke nan, kada ki jira ƙari. Idan kuma ta warware aikinki gaba ɗaya, ba ƙinki take ba, na ga ta warware nata.

An kira la'asar. Na yi salla na dawo na karanta abin da na rubuta, na ga na cika shafi uku da zare da alli don in guje wa abin da ya fi. Yagewar rigar kuskure ne, kowane ɗan koyo yana yi. Shirun shi ne laifin, kuma ba sau ɗaya na yi shi ba, kullum sai na sake. Da can ke kike hura wa Baba gawayi idan ya dawo, ke kike zuba masa jabana, gahawarsa ta yamma, yana ce miki Ammuna, yana ba ki kofin ƙarshe mai sukari a ƙasa. Tun Salla ya koma ce miki "ke". Ya ce ni in riƙa kawo kofin. Na kawo. Wata bakwai ina zaune a wurinki, yana ce min, "Allah ya yi miki albarka, ke kam ba ki da hayaniya," ina cewa amin. Ina ganin ƙafarki ta ƙasan labule.

Akwai ranar da kika tambaye ni muna wanki, "Yaya, ke ma kina ganin ni ce?" Na ce, "A'a." Kika rungume ni da hannun kumfa kika ce ni kaɗai ce na yarda da ke a gidan nan. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba. Kika ce to Sumayya ce, don ta shigo ɗebo ruwa a makon. Na ce, "Allah ne masani." Kin ga, ko a nan sai da na sami hanyar da ba ƙarya ba ce kuma ba gaskiya ba. Na iya wannan ƙwarai. Mutane suna ganin mai kunya ba ta cutar kowa.

Don haka abin da nake so ki tafi da shi, ko kin manta zancen zare: idan kika ɓata abu, ki faɗa a ranar, kafin rana ta faɗi. Ranar farko magana ɗaya ce, "ni ce." Da na faɗe ta ranar Laraba, Baba zai yi fushi, Umma za ta kai wa Gwaggo rigar, a sa mata faci ta ciki a mayar da aljihun ya rufe wurin, ya sa abarsa ranar Salla. Daga baya na gane haka, ramin duk a ƙarƙashin aljihun yake. Kwana tara ina da su. Na zauna ina fatan wani abu zai faru, a ɗage Salla, ko akwatin ya ɓace. Kuma idan aka ɗora miki abin da ba ki yi ba, ki yi yadda kika yi, ki tsaya a kan maganarki. Ke ba ki sunkuyar da kai ba ranar. A nan ba ni da abin koya miki.

Ki je wurin Sumayya kafin ki tafi. Idan ba za ki iya ba, ni zan je, dama ni ya kamata.

Ban ce ki yafe min yau ba. Idan kin ga dama ki yi shekara ba ki kira ni Yaya ba. Gwangwanin allurata yana aljihun jakarki na gefe, da alli biyu da tef ɗin awon da Yaya Bilkisu ta bar min. Lambobin farkonsa sun goge, ki fara daga goma ki cire. Rezar na jefar.

A hafila, motar bas, ki zauna kusa da mace, ki riƙe jakarki a cinya. In an hau gada kada ki leƙa da kai ta taga, na san ki da son ganin ruwa. Ki gaida Gwaggo da mutanen gidan. Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki a hannun masu tausayi, ya kare ki daga sharrin hanya da na baki, har da irin nawa. Allah ya sa albarka a hannunki, ya dawo mana da ke cikin aminci. Umma tana sa miki albarka, wannan kam da bakinta ta faɗa.

Yayarki,
Iklas

Na riga na ninke, na sake buɗewa. Niyyata tun safe in cusa ta a ƙasan jakarki, ki gan ta jibi ko gata a Alhilla Kuku, kogi yana tsakaninmu, in huta da ganin fuskarki. Har na tashi da ita sau biyu. Amma in na yi haka, gobe da safe Baba zai raka ki tasha yana tafe a gaba kina biye, ya ce "ke, hau," ki tafi da wannan. Ban san yaushe za ki dawo ba.

Saura kaɗan Baba ya shigo. Na hura gawayin, na jera kofuna, ban ɗora jabanar ba. Yanzu zan shigo in miƙa miki a hannu, in tsaya a nan bakin ƙofa har ki gama karantawa, ki faɗa min duk abin da ya zo bakinki. In ya zauna, ni zan yi masa magana, ke ba sai kin ce komai ba. Wataƙila sai ya ce in maimaita. Zan maimaita.

Ga ni nan zuwa.